Hannuwan Yaya a Talabijin

Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba faɗa muka yi ba. Ni ce 'yar fari, shi ke nan laifina. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Kaka a Ƙofar Guga, wadda ta haifi uwar tawa. Can na tashi ina jin kawunnaina suna kiran uwata Yaya, ni ma na bi bakinsu, har ta koma ga Allah Yaya nake ce mata. In na je gidanmu tana son aikena, sai ta dubi bango ta ce, "Ku ce wa waccan ta miƙo mani ludayi," ko da daga ni sai kaji a tsakar gidan.

Kowa a garin nan ya san kunyar ɗan fari. Ita ma Yaya 'yar fari ce wurin Kaka, yadda aka yi mata haka ta yi mani. Amma tata ta yi yawa, har tsofaffi suna faɗi. Ba ta haɗa ido da ni. In na shigo ta sunkuyar da kai, in na zauna ta dama ta juya hagu. Tun ina ƙarama abin ke ci mani rai, da na shiga sakandare kuwa na daina ɓoyewa. Na taɓa ce mata, "Yaya, ni dodo ce?" Ta ce wa tukunyar da ke gabanta, "Boko dai bai yi ba."

Sana'arta kiɗan ƙwarya. Tana cikin 'yan amadar wata zabiya da ke zaune a gindin Gobarau, wadda kowa ke kira Hajiya. Yaya ke riƙe da babbar ƙwarya, wadda ake kifewa a kan tsumma a buga da tafin hannu da zobba. In ta saki hannu, daga zaure za ka gane ita ce. Shekarun nan ne kuɗin mai suka shigo ƙasa, 'yan kwangila suka yi yawa, biki ya ƙi ƙarewa. Yau suna Kambarawa, gobe an aiko mota daga wani gari. Yaya har ta fara maganar kujerar Makka baɗi, tana cewa ranar da za a ɗauke ta hoton fasfo sai an ɗaure ta, don ba ta taɓa zama gaban mai hoto ba.

Na gama makaranta ke nan ina jiran sakamako, ina yawo da wani takalmi mai tudu da na saya a kanti, garin duk ya yi mani kaɗan. Sai Hajiya ta aiko a kira ni. Wai mutanen talabijin za su zo daga Kaduna su ɗauki waƙarta, kuma mijinta ya kafa sharaɗi: masu riƙe da na'ura kaɗai za su shiga cikin gida. Shugabansu Bahaushe ne, saboda haka shi zaure zai zauna ya sha fura. Sauran biyun baƙi ne daga kudu, ba su jin Hausa, a wurin Malam wanda bai jin abin da mata ke cewa kamar bai shigo ba ne. To wa zai yi tafinta? 'Yar boko.

Ran da suka zo an share tsakar gida har sai da ta yi ƙyalli. Matan sun sha lalle da kwalli, sun jeru kan tabarmi da ƙorensu. Mai kyamarar wani Bayarabe ne gajere, mai yawan gumi da yawan dariya. Ɗayan, mai ɗaukar sauti, ya toshe kunnuwansa da wasu faifai baƙaƙe, bai ce wa kowa komai ba sai ɗaga yatsa.

Da farko waƙar kawai aka ɗauka a tef, tun daga bisimilla har ƙarshe. Matan suka fara naɗe zannuwa, sun zaci an gama. Mai kyamara ya ce in gaya masu yanzu ma aka fara. Za a kunna masu abin da suka rera, su kuma su riƙa bin sa da baki da hannu, shi yana ɗauka ta nan, ya tsaya, ya koma ta can, a sake kunnawa. In an je Kaduna sai a yayyanka a jera hotunan a kan sauti guda.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyar nan, mi ya ce? Ni zan bi bayan kaina?"

Na ce, "Haka ya ce, Hajiya."

"Ni da ban taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba? In wata ta shigo yanzu da sallama, ita wagga ta cikin akwatin ta san ta sako sunanta?"

Aka kwashe da dariya. Aka kunna, muryarta ta fito daga akwati, ita kuma ta buɗe baki ta kama wani baiti daban. Aka tsaya. Aka sake. Ta sake ɓacewa. Ta ce wallahi matar cikin akwatin nan gaggawa gare ta. Ni kuwa raina ya fara ɓaci, don rana ta karkata, mai kyamara sai duban sama yake yana cewa haske zai tafi, fim ɗin da ya zo da shi kuma ba shi da yawa.

Ya hau tsani ya ɗauko su duka daga kan katanga, hoton nesa, kawuna da ƙore kamar an jera faranti. Ya sauko ya matsa har kusa da hancin Hajiya. Sannan ya ɗora kyamarar a kafaɗa, ya durƙusa, ya ce zai bi 'yan amshi da makaɗa ɗaya bayan ɗaya. Ya jawo ni ya tsayar daidai kafaɗarsa.

"Kada su kalli idon kyamara," in ji shi. "In suka kalla sai su fito kamar an kama su da sata. Ke za su kalla. Ki yi masu murmushi, su mayar maki."

Dabarar ta yi aiki. Kowacce na yi wa gwalo ko na kashe mata ido sai ta washe baki, hannu na kan ƙwarya. Har muka iso kan Yaya.

Tun kafin mu iso matan suka fara taɓa juna. Wata ta ce, "Yau ake yin ta." Yaya ta jawo gyale ta rufe rabin fuska, ta kafa ido a kan ƙwaryarta.

Na gaya wa mai kyamara gaskiya. Na ce wannan uwata ce, ni ce 'yar farinta, ba za ta kalle ni ba, a sa wata a wurina. Ya yi dariya har kyamarar na rawa. Ya ce shi ma ɗan fari ne, uwarsa kallonsa take har ya gaji. Na ce nan ba can ba ne. Ya ce wa zai gaya wa ta tsaya, ta matsa, ta ɗaga haɓa, in ba ni ba? Rana kuma ga ta can bakin katanga. Aka kunna tef.

Na ce, "Yaya, ɗago mana. Fim ɗin mutane ke ƙonewa."

Ba ta ɗago ba.

"Yaya, don Allah. Ba ni za ki kalla ba, ki kalli kunnena."

Ta ce wa Hajiya, hannunta bai fasa kiɗa ba, "Ku ce wa waccan ta rage murya, akwai manya a wurin."

Matan suka fashe. Ni ban yi dariya ba. Na ji wuyana ya yi zafi, na ce da Turanci ya ɗauki abin da ya samu. Ya ɗaga kafaɗa, ya sunkuyar da kyamarar kan hannuwanta. Ana cikin haka akuyar gidan ta lallaɓo ta kama wayar mai sauti tana tauna. Mutumin da bai yi magana ba tun safe ya kurma ihu, tef ya tsaya, ni kuma na kwasa da gudu a kan takalmin nan nawa ina korar ta har bayan rumbu. Da na dawo mai kyamara na cewa fim ya ƙare. Suka naɗe wayoyinsu, suka tafi. Ban yi wa Yaya sallama ba ranar.

Sakamako ya fito, na samu aikin buga tafireta a wata ma'aikata a Kaduna. Ina can damina ta faɗi. Wata safiya wani direban motar haya ɗan unguwarmu ya zo har bakin ofis ya ce in zo gida, Yaya ba lafiya. Daga yadda ya ƙi zama na gane. Amai da gudawa ne, bai ɗauke ta da nisa ba. Kafin motarmu ta shigo Katsina an kai ta.

Kwanakin zaman makoki ban yi kuka sosai ba, har ana gulmata. Abin da ke damuna daban ne, kuma ban san wanda zan gaya wa ba. In na rufe ido in kawo fuskarta, sai in ga kunne da ɗan kunne. In ga gefen kunci da zanen da ke kansa. In ga ƙeya, in ga ɗaurin kallabi. Gaba ɗayan fuskar, ido biyu da hanci da baki suna fuskantata, babu. Ban manta ba ne, ban taɓa samu ba. Na bincika gidan kaf, ko hoto ɗaya babu. Sai na tuna da Bayaraben nan da kyamararsa, na riƙe wannan kamar igiyar guga.

Kafin arba'in shugaban nasu ya aiko wa mijin Hajiya cewa za a nuna waƙar. Unguwarmu babu mai talabijin. Wani Alhaji ɗan kwangila a Kambarawa ke da ita, da eriya doguwa da ta fi dabinon gidansa tsawo. Bayan magariba muka ɗunguma, Hajiya da jama'arta da ni. Kaka ta ce ba za ta ba. Aka fito da akwatin tsakar gida aka ɗora kan tebur. Hoton baƙi da fari ne, yana yayyafi, wani na can kan soro yana juya eriya ana yi mashi ihu daga ƙasa.

Aka fara da hasumiyar Gobarau, wadda ban ma san sun ɗauka ba. Sai babbar ƙwarya ta faɗo, dum, daidai nan hoton ya yanke zuwa tsakar gidan Hajiya daga sama. Na gane aikin da suka yi. Duk inda ƙwaryar Yaya ta sauka da nauyi, nan suke canza hoto. Dum, fuskar Hajiya. Dum, 'yan amshi. Dum, wata tana washe baki, ni na san gwalona take wa dariya. Matan suna ta shewa, kowacce na nuna kanta. Ni ina ƙirga layi a zuciyata, saura wance, saura wance, sai Yaya.

Sai ga hannuwa sun cika akwatin. Lalle har wuyan hannu, zoben azurfa a ɗan yatsan tsakiya, da tabon ƙunar man ƙosai a gindin babban yatsa. Shewar ta mutu. Wata ta ce, "Allahu akbar," wata ta fara salati. Na matsa har ina jin ɗumin gilashin a fuskata, ina jira kyamarar ta ɗaga. Ba ta ɗaga ba. Dum, aka koma kan Hajiya. Suka dawo kan hannuwan, suka sake dawowa, kusan su suka riƙe waƙar, amma daga wuyan hannu zuwa sama babu kowa. A hoton nesa kuwa gyale ne kawai a sunkuye.

Hajiya na share hawaye tana cewa, "Kun ga hannu. Wallahi ba a sake irin hannun nan." Na miƙe na ce, "Hannu na zo gani?" Na fita ban yi wa matar gidan godiya ba.

Da na koma Kaduna ban huce ba. Na nemi izini a ofis, na tafi gidan talabijin ɗin, na zauna a bakin ƙofa har mai kyamarar ya fito. Ya gane ni, ya fara dariyar akuya. Na ce matar da ta ƙi ɗagowa ta rasu. Dariyar ta tsaya mashi a wuya. Ya cire hula, ya kama hanya, na bi shi.

Ɗakin da ya kai ni ƙarami ne, ba taga sai ɗaya, yana warin gam. Wani Bazazzagi mai furfura a gemu na zaune gaban tebur mai faifai da ɗan gilashi kamar tafin hannu. Shi ne mai yanka da haɗawa. Ko'ina zaren fim ne a rataye kamar an shanya kilishi. Muka gaisa, ya yi mani ta'aziyya yadda ya kamata, har da tambayar dangi. Ban bari ya gama ba na ce, "Malam, me ya sa ka yanke mata kai?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Waƙar biki ce, 'yata. Duk inda na sa ta kanta a ƙasa, sai wurin ya koma kamar gidan makoki. Hannun kuwa shi ke ba ni inda zan yanka. Da na san..." Bai ƙarasa ba.

Na ce ina abin da ya yanke? Ya nuna wani babban kwando a lungu, cike da guntayen fim a cukurkuɗe, na waƙa da na labarai da na wasan ƙwallo duk a haɗe. Ya ce in ya cika ake fitarwa a ƙona. Muka zube shi a ƙasa mu uku. Sai ka ɗauki guntu ka ɗaga wajen taga, ka ga wani mai babbar riga yana yanka kirtani, ka yar. Na ga ƙafafun 'yan ƙwallo har na gaji. Na samu Yaya a guntaye da dama, duk gyale, duk ƙeya. Na ce su bari haka nan, na gode.

Mai kyamara ne ya ƙi tashi. Ya ce akwai wutsiyar fim ɗin. Lokacin da na bi akuya bai kashe kyamara ba, ya bar ta ta cinye ɗan abin da ya rage. Bazazzagin ya ce ya tuna, ya jefar ne don makaɗiyar ta daina kiɗa a wurin, ga shi kuma haske ya cinye ƙarshensa. Suka ci gaba da tonawa, har mai kyamara ya zaro wani guntu da bai fi tsawon hannuna ba, rabinsa fari fat.

Ya yi gajarta a ɗora shi a faifai. Sai Bazazzagin ya ƙara mashi wani baƙin zare, ya haɗa bakin da bakin da gam ya zama zobe, ya rataya a na'urar yadda zai yi ta zagayawa. Ya kashe fitila, ya ba ni kujerarsa.

Hannuwan ne da farko. Sai suka tsaya cak a kan ƙwarya. Kyamarar ta ɗan yi sama kamar mai riƙe da ita ya gyara kafaɗa. Gyalen ya zame. Yaya ta ɗago.

Ba kyamara take kallo ba, ta bayanta take kallo, inda na bi da gudu. Idonta manya ne, ban sani ba. Akwai 'yar wushirya a haƙoranta na ƙasa. Girarta ta hagu ta fi ta dama hawa, irin tawa sak, abin da nake tsaki a kai kullum a madubi. Tana dariya, amma goshinta a tattare, ta ɗan miƙo wuya, bakinta ya motsa. Babu sauti, tef ya riga ya tsaya. Sai fari ya taso daga gefe ya cinye ta. Baƙi. Hannuwa kuma. Ta sake ɗagowa.

Ban san iya zagayen da ya yi ba. Mazan biyu suka fita suka bar ni. Nan na yi kukan da aka yi ta gulmar ban yi ba, ina yi ina goge ido da sauri don kada ta ɗago ban gani ba. Daga baya Bazazzagin ya ƙwanƙwasa, ya ce a yi haƙuri, labaran yamma na jiran na'urar. Ya ɓalle zoben, ya naɗe guntun a kan yatsansa, ya sa mani a kwalin ashana.

Zuwana gida na gaba na biya gidan Hajiya. Na ce ko ta tuna abin da Yaya ta ce lokacin akuya. Ta ce, "Mi zai hana? Ai kusa da ni take. Cewa ta yi, takalmin nan sai ya karya ta." Shi ke nan abin da ta ce. Na so ya fi haka, amma shi ne.

Na wuce Ƙofar Guga. Kaka na zaune a bakin ɗakinta tana tsince wake, idonta ya riga ya fara hazo. Na buɗe kwalin na warware mata, na ce ga Yaya. Ta yi kamar ba ta ji ba, sai da ta ga tsakar gidan ba kowa sannan ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta ɗaga shi wajen rana, ta kai shi nesa, ta kawo kusa. Kowace fuska a ciki ba ta fi ƙwayar dawa ba.

"Wanne ne ita?"

"Duk ita ce, Kaka. Tun daga nan har nan."

Ta daɗe tana bin sa da ido. Ban taɓa ganin ta kalli wani abu na Yaya haka ba. Can ta ce, "Ban ganin komi. Hwaɗa mani."

Na faɗa mata. Gyale ya zame, ta ɗago kai, tana dariya, ta miƙo wuya.

"Wa take kallo?"

Na ce, "Ni."

Kaka ta yi shiru. Haɓarta ta ɗan yi rawa.

"Mara kunya," in ji ta.

Na miƙa hannu in karɓa, ta kauce. Ta sake ɗaga shi sama. Har aka kira la'asar yana hannunta, waken na nan a faifai kaji na ci.